Makarantar Bakin Murhu: Yadda Ake Karantar da Yaro da Gwangwanin Wake

Suyar ƙosai aiki ne da kusan kowace mace ta saba da shi tun tana budurwa. Amma akwai iyaye mata da suka ɗauki wannan aiki na yau da kullum suka mayar da shi darasi ga 'ya'yansu 'yan aji ɗaya zuwa uku na firamare, ta yadda kafin a sauke kasko yaro ya yi ƙirga, ya yi awo, ya yi rubutu, ya kuma gano dalilin wani abu da kansa. Wannan gwaninta ce mai zaman kanta. Ana iya samun mace ta iya girki ƙwarai amma ba ta iya shigar da yaro ciki ba, ana kuma iya samun malamar aji da ba ta taɓa tunanin akwai lissafi a cikin tire ba. Duk wanda ya zauna ya kalli gwanar wannan fanni zai lura babu motsin da take yi a banza.

Tun da dare take shiri. Ta zaɓi inda za ta shimfiɗa tabarma, a inuwa, nesa da murhu. Ta tanadi tire biyu, ƙananan kwanoni uku, mudu, kwalba mai haske wadda ake ganin cikinta, zare, gawayi, da tsohon littafin rubutu mai sauran shafuka. Sai gwangwanin madara, wanda ta riga ta daddake bakinsa da dutse don kada ya yanki ɗan yatsa. Dalilin wannan tanadi shi ne hankalin ɗan shekara shida ba ya jira. Idan uwa ta tashi neman ludayi, kafin ta dawo ɗalibinta ya bi kaza bayan ɗaki. Ƙaramin da ke rarrafe kuwa, ko ta goya shi ko ta miƙa wa wani, domin ƙwayar wake a hannun jariri ba ta da wurin zuwa sai baki ko hanci.

Da safe ana farawa da buta da sabulu. Ma'aikatan lafiya suna cewa a cuɗa hannu na kamar daƙiƙa 20, don haka sai ta sa yara su ƙirga daga 1 zuwa 20 da ƙarfi, a hankali, suna bin tsakanin yatsu da ƙarƙashin farce. Sun yi tsabta, sun kuma yi ƙirgar farko ta ranar ba tare da an ce musu darasi ya soma ba. A yi bisimilla, a zauna.

Sai ta zuba wake a tire. Maimakon ta ce su tsince, sai ta tambaya: "Me da me kuke gani a nan wanda ba wake ba?" Yara su sunkuya su fara lissafowa: tsakuwa, guntun kara, ɓarɓashin ƙasa. Ta nuna musu yadda ake yi. A tura waken duka can gefen tire, a riƙa jawo kaɗan-kaɗan da yatsu zuwa gabanka, abin da aka duba ya tsaya a nan, wanda ba a duba ba ya tsaya a can. Kwano na farko na lafiyayyen wake ne, na biyu na mai huji, na uku na datti. Yatsun da yaro ke ɗaukar tsakuwa da su, babban yatsa da manuniya, su ne dai yake riƙe fensir da su, kuma wannan tsinta tana ƙarfafa su. Rarrabe abubuwa gida-gida bisa kamanninsu kuwa shi ne tushen lissafi da kimiyya. Likitar nan ta Italiya, Mariya Montessori, wadda ta buɗe makarantarta ta farko ta ƙananan yara a birnin Rum a 1907, ta ba irin waɗannan ayyuka na zubawa da juyewa da rarrabewa babban matsayi a tsarinta, har yau ana sayen kayan yin su da tsada. A gidan Bahaushe suna nan a cikin kwando.

Kwanon wake mai huji ba a zubar da shi nan take. Ta kawo ruwa a kofi ta ce wa ƙaramar, "Auta, jefa mai kyau ɗaya, ki jefa mai huji ɗaya." Lafiyayyen ya nutse. Wanda ƙwari suka rarake ya tsaya a sama yana yawo.

"Umma, me ya sa wannan ya ƙi sauka?"

"Fasa shi ki gani."

Yarinya ta fasa, ta tarar da rami da ɗan gari. Sai a lokacin uwa ta yi bayani: ƙwaro ne ya yi ƙwai a jikin waken, tsutsa ta ƙyanƙyashe ta shiga ciki ta cinye, da ta girma ta huda ƙofa ta fita, ta bar iska a gurbin abinci. Shi ya sa manoma ke zuba wake a buhun nan mai ninki uku da ake kira PICS, a ɗaure bakinsa tam, ƙwaro ya rasa iskar shaƙa. Ta ce su riƙe maganar iskar nan, za a dawo kanta.

Daga tsinta sai ƙirga, kuma a nan ake ganin haƙurin gwana. Yara da yawa suna iya rera lambobi har ɗari kamar waƙa, amma idan aka ba su wake baki sai ya riga hannu, a ce "bakwai" alhali yatsa yana kan na biyar. Dokarta ita ce kowace ƙwaya sai yatsa ya taɓa ta, ya matsar da ita gefe, sannan baki ya kira lambarta. In an kai goma a tara su tuli guda, a sake sabon lale. Yaro ya ɗebi cikin tafinsa ya ƙirga, ya samu tuli uku da ƙwaya huɗu a warwatse. Ta ɗauki gawayi ta rubuta 3 a ƙarƙashin tulin, 4 a ƙarƙashin warwatsattsun. Ga 34 a ƙasa, kuma yaro yana gani da idonsa cewa ukun nan goma-goma ne har sau uku. Abin da malamai ke kira gurbin lamba ke nan, wato darajar da lamba take samu saboda wurin da ta zauna.

Sannan ta ce, "Ba ƙanwarka bakwai." Ya miƙa huɗun da ke warwatse, ya tsaya. Ba su kai ba. Ita kuma ta yi shiru, ta ci gaba da abin da take yi da hannunta. Yaro ya dubi tulin, ya dube ta, can sai ya rushe tuli ɗaya ya cike ukun da suka rage. Saura tuli biyu da ƙwaya bakwai, 27. Wannan rushe tuli shi ne "aro" da ke ba 'yan aji biyu wahala a kan allo. Shirun da ta yi shi ne mafi wuya a cikin aikin gaba ɗaya, domin bakin uwa yana ƙaiƙayin ba da amsa.

Awo ya biyo baya. Kafin a auna komai sai ta sa kowa ya yi kintace: gwangwani nawa zai cika mudun nan? Kowa ya faɗi nasa a rubuta. Sannan a auna, ana ƙirgawa. Nan da nan gardama ta tashi, don wani yana cika gwangwani har ya yi tsororo, wata tana shafe bakinsa da hannu. Sai su gane da kansu cewa awo ba ya yiwuwa sai an yi ittifaƙi a kan ma'auni. Daga nan ta gaya musu cewa mudun wata kasuwa ya fi na wata girma, shi ya sa manyan 'yan kasuwa irin na Dawanau a Kano suke tambayar da wane kwano aka auna, shi ya sa kuma aka yi sikeli da kilo.

Akwai wata 'yar jarrabawa da take yi a nan. Ta auni gwangwani ɗaya ta baza a tire, ta auni wani ta ɗura a kwalba, duk a gaban yaro, ta tambaye shi wanne ya fi yawa. Sau da yawa ɗan shekara biyar ko shida zai nuna kwalba, saboda waken ya yi tsawo a cikinta. Masanin tunanin yara ɗan ƙasar Siwizalan, Jean Piaget, ya nuna cewa sai wajen shekara bakwai yawancin yara ke tabbatar wa kansu cewa sauya mazubi ba ya sauya yawa. Gwana ba ta dariya, ba ta kuma cewa ya yi kuskure. Cewa take, "Mayar da kowanne gwangwani mu gani." Gani ya kori ji.

Kafin ruwa ya taɓa waken, ta ware ƙwaya goma masu kyau don shuka. Ta kuma zuba cikin tafi ɗaya a kwalba, yaro ya ɗaura zare daidai inda waken ya tsaya, a cika da ruwa a ajiye; gobe da safe zai tarar waken ya kumbura ya wuce zaren nesa. Sauran kuma a yayyafa masa ruwa na ɗan lokaci, ta zuba a turmi ta surfa. Surfe daka ne mai sauƙi, taɓarya tana goge wake da wake don bawo ya saɓule, ba a so ya farfashe ya zama gari. Yara su karɓi nasu aikin a roba: su murza da tafin hannu a cikin ruwa, bawo da hancin wake su taso sama, a tsiyaye ta cikin rariya, a ƙara ruwa, a sake. Idan wake ya fito fari tas, sai ta ɗauki ƙwaya ɗaya ta raba ta biyu a tafin yarinya. A gefen ɗaya ɓarin akwai wani ɗan tsiro fari, bai kai ƙwayar shinkafa ba, a lanƙwashe. Ta ce mata wannan shi ne shukar, ɓari biyun nan kuma guzurinta ne har ta yi ganye.

Yayan yaran ya ɗauki bokiti ya tafi markaɗe, an sa albasa da attarugu a ciki. Wannan jira shi ne lokacin karatu. Ta barbaɗa garin masara a tire na biyu, siriri, ta girgiza ya baje. Da yatsa ake rubutu. A fara da wasula biyar, a, e, i, o, u, sannan a kawo sunayen abinci a raba su gaɓa-gaɓa da tafi: wa-ke, ge-ro, da-wa, tu-wo, no-no. Kowace gaɓa baƙi ne da wasali, tafi biyu kalma ta cika. Ta rubuta "fura", ta share baƙin farko ta sa k, yaro ya karanta "kura", a yi dariya, ta sa t ya zama "tura". Haruffa masu lanƙwasa ma duk suna nan a madafi: ƙosai, ɗanwake, zoɓo. Ta sa su saurari bambancin "daka" da "ɗaka", da na "bari" da "ɓari", su ga yadda 'yar lanƙwasa ɗaya ke sauya zance. Wannan tafiya daga sauti zuwa gaɓa zuwa kalma ita ce hanyar da littattafan Mu Karanta suka bi a makarantun jihohin Bauchi da Sakkwato. Fa'idar tire ita ce kuskure ba ya zama. A girgiza sau ɗaya ya ɓace, babu jan biro, don haka yaro mai tsoron rubutu yakan saki jiki. Ɗan aji uku kuwa littafi ake ba shi, ya rubuta kayan haɗin ƙosai, sannan ya jera matakan: da farko, sannan, daga nan, daga ƙarshe. Wanda ya iya jera aikin girki daki-daki ya kama hanyar rubuta insha'i.

Ƙullu ya dawo daga inji, mai kauri, mai nauyi. Kafin a buga sai ta ɗiga kaɗan a kofin ruwa, ya nutse ƙasa. Sai a kama bugu da muciya, hannu yana zagayawa ta fuska ɗaya, yana ɗago ƙullun daga ƙasa zuwa sama. Yara su karɓa bi da bi, kowa bugu ashirin, ita kuma ta ƙarasa da nata ƙarfin. A hankali ƙullu ya ƙara haske, ya yi sauƙi, ya taso a cikin roba fiye da inda yake. Ta sake ɗigawa a ruwa. Wannan karon ya tsaya a sama.

"Me muka ƙara a ciki?" in ji ta.

"Ba mu ƙara komai ba, Umma."

"To me ya hana shi nutsewa? Yau me kuka gani ya ƙi sauka a ruwa?"

Nan ma ta yi shiru. Idan aka yi sa'a, wani zai zabura ya ce, "Iska! Irin ta wake mai huji!" Haka ne kuwa. Bugu iska yake cusawa, sinadarin gina jiki da ke cikin wake kuma yana riƙe ta a ƙananan kumfa. Shi ya sa ƙosan da bai bugu ba yake fitowa a cushe, kuma shi ya sa masu sana'ar ba sa sa gishiri sai dab da suya, don kada ƙullu ya kwanta. Tun da hantsi ta dasa tambayar, ta bar ta, ta dawo ta girbe ta a kan kari. Irin wannan tsari ba ya zuwa da ka, sai wadda ta zauna ta yi tunanin aikinta.

Wajen suya dokar ba ta da sassauci. Ta ja layi da gawayi a ƙasa, babu yaron da zai ƙetare shi muddin mai yana kan wuta. Daga bayan layi suke aiki. Kowane zubi guda takwas take sakawa, yaro ya ja sanda ɗaya a littafi duk lokacin da matsami ya kwashe: 8, 16, 24, 32, 40. Zubi biyar, takwas sau biyar. Ta tambaye su launin ƙosai lokacin da ya shiga da lokacin da ya fito, da irin ƙarar da mai yake yi, da dalilin da ya sa yake kumbura. Zafi ne ke buɗa iskar da suka buga, ruwan ƙullu kuma ya zama tururi.

Rabo ma na yara ne. Mutum shida ne a gidan, ƙosai 40. A jera kwanoni a bi su ɗaya-ɗaya har zagaye shida, sai huɗu su yi saura. "To, waɗannan fa?" Wani ya ce a raba su rabi-rabi, a nan maganar rabi da kwata ta shigo. Wata ta ce a kai wa Kaka, ko a ba almajirin da ke bakin zaure. Duka amsoshin biyu daidai ne, uwa kuma ta yaba wa kowanne. Ana ci tana nuna musu cewa kokon gero yana ba da ƙarfi, wake yana gina jiki, yankan gwanda ko lemo kuma yana taimakon jiki wajen kare kansa daga cuta, rukunan nan uku da ake koya musu a aji.

Wata rana a yi wasan kasuwa, yaro ɗaya mai ƙosai, ɗaya mai saye, a koyi ba da canji. Takardun kuɗin ma abin karantawa ne: bayan naira 10 akwai matan Fulani ɗauke da ƙoren nono, bayan naira 20 ga Ladi Kwali tana ginin tukunya, bayan naira 200 ga dalar buhunan amfanin gona da shanu. A Maraɗi ko Damagaram kuwa, inda ake lissafin kuɗi da dala, kowace dala tana daidai da sefa 5, yaron da aka ce masa dala ashirin ya miƙo 100 ya riga ya shiga jadawalin biyar. Wata rana kuma a jiƙa zoɓo a raba kofi uku, a matsa lemon tsami a ɗaya ya ƙara ja, a ɗiga ruwan kanwa a na biyu ya yi duhu ya karkata zuwa kore, na uku a bar shi don kwatance.

Ƙwayoyin nan goma da aka ware su ne darasi mafi tsawo. A huda gindin gwangwani biyu, a cika da ƙasa, a shuka biyar-biyar. Ɗaya a riƙa ba shi ruwa, ɗaya a hana shi. Cikin 'yan kwanaki mai ruwa zai tsage ƙasa, ɓari biyun nan da yarinya ta gani a tafinta su ɗago sama a kan ɗan kara, ganye ya fito daga tsakaninsu, su kuma su yanƙwane don guzuri ya ƙare. Kowace safiya yaro ya auna tsawon da tsinken tsintsiya, ya zana abin da ya gani, ya rubuta kwanan wata. Idan shuka ta yi ƙwari a tuge ɗaya a duba saiwa, a ga ƙananan ƙulle-ƙulle a jikinta. A cikinsu ne wasu ƙwayoyin halitta ke kamo sinadarin taki daga iska, dalilin da ya sa manomanmu ke haɗa wake da gero ko dawa a gona guda. Ya dace yaro ya san cewa Najeriya ce ta fi kowace ƙasa noman wannan wake a duniya, Nijar na bi mata, kuma a Samaru ta Zariya akwai masana da aikinsu ke nan, fito da ingantaccen irinsa.

Gwana ba ta haɗa duk waɗannan a rana ɗaya. Takan zaɓi biyu ko uku, ta tsaya tun yaro yana marmari, kafin ya fara hamma. Tana auna aiki da girman hannun da zai yi shi, ba ta ware 'ya'ya maza, kuma ta yarda da farashin abin: girkin da zai ɗauke ta awa ɗaya zai kai biyu, wake zai zube, ƙullu zai taɓa riga. Ya fi sauƙi a ce wa yara "ku ba ni wuri", a miƙa musu waya su yi tsit har abinci ya nuna. Gida zai yi shiru, aiki zai yi sauri, sai dai yaron ya tashi bai san daga ina ƙosai ya fito ba. Lokacin da annobar korona ta sa aka rufe makarantu a 2020, gidaje da yawa sun gane cewa karatun yaro ba zai jira ƙararrawar makaranta kaɗai ba.

Uwar da ba ta yi boko ba ma tana da babban rabo a nan, domin tsinta, ƙirga, awo, rabo da shuka duk ba sa bukatar takardar shaida. Rubutun sai uba ko yaya ya kama mata. Abin da ya rage shi ne a ɗauki wannan gwaninta da daraja, a riƙa koyar da ita kamar yadda ake koyar da ɗinki ko haɗa turare. Wadda ta iya ta nuna wa maƙwabciyarta, a tattauna ta a Islamiyyar matan aure da taron iyaye da malamai, malaman firamare kuma su riƙa ba da aikin gida irin wanda za a yi a kan tire. Kayan aikin suna nan a kowane gida, yaran ma suna nan kusa da murhu suna jiran a ce su matso.